Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban FIA: Da Wane Mudu Kuke Auna Ɓarawon Fasaha?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tseren Motoci ta Duniya, FIA, Mohammed Ben Sulayem, da mambobin Majalisar Ƙoli ta Wasannin Motoci, birnin Paris.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, bari in fara da gabatar da kaina don kada a ɗauke ni abin da ban kai ba. Ni ba injiniya ba ne, ban taɓa riƙe sifana a garejin wata ƙungiyar tsere ba, kuma ba ni da ko sisi a jarin McLaren ko Ferrari. Ɗan kallo ne kawai, irin waɗanda kan katse barci saboda tseren da ake yi a can wani ɓangare na duniya, su zauna gaban talabijin ido ya yi jawur. Amma kun fi ni sanin cewa da idon irinmu ake sayar da Formula 1, don haka ina ganin muna da bakin tambaya.

Tambayar tawa guda ce. Idan gobe aka kama wata ƙungiya da zanen motar abokiyar hamayyarta a cikin kwamfutocinta, mene ne hukuncinta? Na bi shari'o'in da hukumarku ta yanke, na tarar amsar ta tashi daga dala miliyan 100 ta sauka a babu ko kwabo. Kuma duka biyun a shekara ɗaya aka yi su, tsakaninsu bai cika wata uku ba, a gaban majalisa ɗaya, ƙarƙashin sashe ɗaya na doka.

Na san ba kai ne a kujerar ba a 2007, Max Mosley ne. Amma wanda ya gaji gida ya gaji bashinsa.

Bari in tuna muku yadda abin ya fara, domin a yadda ya fara akwai darasi. Ba masu bincikenku ne suka bankaɗo shi ba. A tsakiyar 2007 matar Mike Coughlan, babban mai zana motocin McLaren, ta ɗauki wani tulin takardu, shafi 780, ta kai wani shagon kwafi a yankin Surrey na Ingila, ba nisa da Woking inda masana'antar McLaren take, don a juye su cikin faifai. Ma'aikacin shagon yana jera takardu a kan inji sai ya lura da tambarin da ke jikinsu. Na Ferrari ne, kuma da gani ba takardun talla ba ne. Ya sanar da Ferrari. Ke nan da a ce mutumin nan ya yi aikinsa ya karɓi kuɗinsa ya kama bakinsa, da wataƙila har yau babu wanda ya ji labarin babbar badaƙalar leƙen asiri a tarihin wannan wasa. Takardun kuwa daga hannun Nigel Stepney suka fito, tsohon hannu a Ferrari, wanda ya yi shekaru yana jagorantar makanikai a zamanin Michael Schumacher, ransa kuma ya ɓaci da sauye-sauyen muƙamai da aka yi bayan tafiyar daraktan fasaha na Ferrari, Ross Brawn, a ƙarshen 2006.

Ranar 26 ga Yuli majalisarku ta zauna, ta ce McLaren ta saɓa wa sashe na 151c na kundinku, wanda ya haramta yaudara da cutar da martabar wasan, amma ba za a hukunta ta ba, saboda babu hujjar cewa an yi amfani da bayanan. Sai aka je tseren Hangari a watan Agusta, direbobin McLaren biyu, Fernando Alonso da Lewis Hamilton, suka yi rikicinsu a zagayen neman gurbi, Alonso ya tsaya a bakin gareji ya hana abokin aikinsa samun zagayen ƙarshe. Washegari aka yi musayar zafafan kalamai tsakanin Alonso da shugaban ƙungiyar, Ron Dennis, har maganar wasu saƙonnin imel ta fito, Dennis da kansa ya ɗaga waya ya kira Mosley. Daga nan aka rubuta wa direbobin McLaren cewa duk wanda ya miƙa abin da ke hannunsa ba za a taɓa shi ba. Saƙonnin da suka fito tsakanin Alonso da direban gwaji Pedro de la Rosa sun nuna ana tattauna yadda Ferrari ke rarraba nauyi a motarta, da tsarin birkinta, da irin iskar da take hura wa tayoyinta, har da zagayen da direban Ferrari Kimi Räikkönen zai tsaya shan mai. Ranar 13 ga Satumba majalisar ta sake zama: tarar dala miliyan 100, tare da share McLaren gaba ɗaya daga gasar masu ƙera motoci ta wannan shekara.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban zo wanke McLaren ba. Ta yi laifi, laifin kuma babba ne. A watan Disamba na wannan shekarar, bayan an binciki motar da take shiryawa don 2008, ita da bakinta ta amsa cewa bayanan Ferrari sun yaɗu a cikin gidanta fiye da yadda ta faɗa tun farko, ta nemi afuwa, ta kuma yarda ta dakatar da aiki kan wasu sassa. Wanda ya ce ba a yi komai ba, son zuciya ne ke magana da bakinsa. Abin da ke damuna shi ne lissafin. A cikin hukuncin ku da kanku kun rubuta cewa an samu wata fa'ida, amma mai yiwuwa har abada ba za a iya auna girmanta ba. To abin da ba a iya aunawa, ta yaya aka san farashinsa dala miliyan 100 ne cif? Me ya hana ya zama 20, me ya hana ya zama 300? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai alƙali ba da ido yake awo ba. Kowa a wasan ya san tsamin da ke tsakanin Mosley da Dennis ya daɗe. Ba na cewa shi ya yanke hukuncin. Ina cewa idan babu ma'auni a rubuce, ba ku da abin da za ku nuna wa mai zargin haka.

Sannan ga wani abin ɗaure kai. An ce motar ba ta da tsarki, an kwashe makin ƙungiya, amma an bar wa direbobin da suka tuƙa motar makinsu. Mota ɗaya ce fa. Ba zai yiwu ta zama haramtacciya a teburin kamfanoni, halastacciya a teburin direbobi ba. Na tuna ranar tseren ƙarshe a Birazil, ina zaune da biro da takarda ina lissafin maki zagaye bayan zagaye, lokacin da giyar Hamilton ta ƙi shiga na wasu daƙiƙoƙi motoci suka yi ta wuce shi kamar yana tsaye. Räikkönen ya ƙare da maki 110, Hamilton da Alonso 109 kowannensu. Maki ɗaya tak ya cece ku daga naɗa zakaran duniya a cikin motar da kuka riga kuka yanke wa hukunci. Sa'a ce ta rufa muku asiri, ba doka ba. Na fahimci cewa sai da alƙawarin kariya aka samu saƙonnin, na kuma fahimci cewa korar direbobin biyu za ta kashe kasuwar sauran tseren da suka rage. Amma idan dalilin kasuwa ne, a faɗa mana kasuwa ce, kada a sa mata rigar adalci.

(Abin dariya a nan: ko da ba a share McLaren ba, idan aka cire mata maki 15 da aka riga aka hana ta a Hangari, za ta tsaya a 203, Ferrari kuma 204. Wato kambun da aka ƙwace da wuya ya zama nata ma tun farko.)

Yanzu mu zo kan Renault, inda maganar ta fi yi mini ciwo. Wani injiniya, Phil Mackereth, ya bar McLaren ya koma Renault a 2006, ya tafi da bayanan tsohuwar ma'aikatarsa a faifai, aka loda su a na'urorin Renault, wasu injiniyoyinta suka gan su. Akwai zanen tsarin mai, da na giya, da na wasu na'urorin da ke daidaita girgizar mota. Ranar 6 ga Disamba 2007 majalisarku ta zauna a Monako, ta ce Renault ta saɓa wa sashe na 151c. Hukunci? Babu. Na karanta dalilan, kuma ba zan ce duka shirme ba ne: bayanan ba su kai na Ferrari yawa ba, babu wani ɗan leƙen asiri da ke ci gaba da turo sabbin labarai daga cikin gida mako bayan mako kamar yadda Stepney ya yi, Renault ta ba da haɗin kai, kuma McLaren kanta ta zuzuta yawan abin da aka ɗauka har sai da ta fito ta gyara maganarta. Duk na yarda. Laifin Renault bai kai na McLaren ba. To amma bai kai ba da babu shi sam ai ba ɗaya ba ne. Ɓarawon akuya ba a yi masa hukuncin ɓarawon raƙumi, gaskiya ne, amma ba a taɓa cewa ya kama igiyar akuyarsa ya tafi gida ba. Tsakanin miliyan 100 da sifili akwai fili mai faɗi, kun tsallake shi gaba ɗaya.

Toyota kuwa ko kiranta ba a yi ba. A watan Afrilu na wannan shekara ta 2007 wata kotu a Modena, ƙasar Italiya, ta samu tsofaffin ma'aikatan Ferrari biyu da laifin kwasar sirrin kamfanin zuwa Toyota, wadda motarta ta 2003 ta yi kama da Ferrari ta 2002 har mutane suna ta surutu. Kotun ƙasa ta yi nata aikin, hukumar wasa ta kau da kai. Shekara ɗaya, ƙungiyoyi uku, zargi iri ɗaya: ɗaya an yi mata yankan rago, ɗaya an ja mata kunne, ɗaya ko sallama ba a yi mata ba. Idan mai kallo ya ce akwai 'yan mowa da 'yan bora a gidanku, da me za ku ƙaryata shi?

Akwai kwatancen da na fi jin nauyin kawowa, amma dole ne. A tseren Singafo na 2008 an umarci direban Renault, Nelson Piquet ƙarami, ya kai wa bango karo da gangan don motar tsaro ta fito ta rage gudun tseren, abokin aikinsa ya samu nasara. Ɗan Adam aka sa ya jefa kansa cikin haɗari, ga ma'aikatan gefen hanya, ga 'yan kallo, ga sauran direbobi suna tafe cikin tarkace. Da asiri ya tonu a 2009, hukuncin Renault shi ne kora ta je-ka-gyara-halinka na shekara biyu, wato babu abin da ya same ta matuƙar ba ta sake ba. Shugaban ƙungiyar, Flavio Briatore, da babban injiniyanta, Pat Symonds, aka dakatar, kotun Faransa kuma ta soke dakatarwar a Janairun 2010 saboda yadda aka gudanar da shari'ar. Saƙon da wannan ya aika, ko kun nufa ko ba ku nufa ba, shi ne takardar Ferrari ta fi ran direba tsada. Na san a lokacin tattalin arzikin duniya ya karye, Honda ta fice, BMW ta sanar da tafiyarta, ana tsoron Renault ma ta tattara kayanta. To wannan ai shi ne abin da nake kuka a kai: hukunci yana duba aljihun mai laifi da yiwuwar fushinsa kafin ya duba laifin.

Gaskiya ɗaya da zan ba ku: bayan wannan abin kunya an yi gyara. A 2010, zamanin shugabancin Jean Todt a FIA, an kafa kotun hukumar mai zaman kanta, aka raba mai gabatar da ƙara da mai yanke hukunci, ba kamar da ba da shugaba ke zama ɗan sanda, lauya da alƙali a zama ɗaya. Wannan ci gaba ne. Sai dai an sauya alƙali, ba a ba shi ma'auni ba. Kalaman tsohon sashe na 151c, waɗanda suka haramta duk wata yaudara ko duk wani aiki da zai cutar da gasa ko martabar wasan motoci, suna nan a kundinku, lamba kawai aka canza musu. Riga ce mai faɗi da za ta shiga kowa, ta kuma fita daga jikin kowa, gwargwadon wanda ke riƙe da ita.

Shekarar 2020 ta nuna haka. Ƙungiyar Racing Point ta fito da mota wadda in ban da launin ruwan hoda ba za ka bambanta ta da Mercedes ta 2019 ba. Ta ce hotuna ta ɗauka ta kwaikwaya, kuma kwaikwayo daga hoto ba laifi ba ne a lokacin. Inda aka kama ta shi ne bututun da ke kai wa birkin baya iska don ya huce, wanda ta samu zanensa daga Mercedes lokacin da doka ta yarda a saya, sannan doka ta sauya ta ce daga 2020 kowa ya zana nasa. Hukunci: yuro dubu 400 da maki 15, kuma ta ci gaba da amfani da bututun har ƙarshen shekara, bisa hujjar cewa ba a iya umartar injiniya ya manta abin da ya riga ya sani. Wannan ba sata ba ce irin ta 2007, kuma makin sun yi cizo, domin ta ƙare a matsayi na huɗu da maki 195, McLaren na gabanta da 202. Amma ka dubi tsarin: an ce kayan ba halas ba ne, an kuma ce a ci gaba da tsere da su. Kamar ƙungiyar ta sayi lasisin karya doka ne a farashi mai rahusa. A farkon wannan shekara ta 2020 kuma hukumarku ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa ta sasanta da Ferrari kan binciken injinta na 2019, kuma abin da aka sasanta a kai sirri ne. Ƙungiyoyi bakwai suka haɗu suka yi tir. Har yau ba mu san me aka gano ba. Wannan ba shari'ar leƙen asiri ba ce, na sani, amma ita ta koya wa kowa cewa akwai ƙofar baya, kuma ba kowa ke da makullinta ba.

Kafin in faɗi abin da nake roƙo, bari in amsa wa masu cewa ai kwaikwayo shi ne jinin wannan wasa. Haka ne. Kowace ƙungiya tana da masu ɗaukar hoto da ke yawo a layin gareji da dogayen kyamarori, kuma duk wanda ya taɓa ganin fitaccen mai zana motoci Adrian Newey kafin a tashi tsere, riƙe da littafinsa, ya sunkuya yana ƙare wa motar wasu kallo, ya san ba yawon shan iska yake yi ba. Idan mota ta yi haɗari aka ɗaga ta sama da ƙugiya, kafin ta sauka hoton ƙasanta ya isa kowace masana'anta. Wannan duk halas ne, abin da ido ya gani a fili ba sata ba ne. Injiniya kuma idan ya sauya wurin aiki ba zai bar ƙwaƙwalwarsa a bakin ƙofa ba. Tun 1978 ake wannan rigima, lokacin da babbar kotun Landan ta ce motar farko ta ƙungiyar Arrows kwafin ta ƙungiyar Shadow ce ta hana amfani da ita. Iyakar a bayyane take ga duk mai son gani: abin da ke kanka naka ne, abin da ke cikin faifai na mai shi ne. A 2022 da Aston Martin ta zo tseren Sifaniya da gefen mota mai kama da na Red Bull, bayan wasu ma'aikata sun ƙaura daga can zuwa nan, kun bincika kun ce babu laifi. Madalla. Amma da an samu laifin fa? Babu wanda ya san ko miliyan 100 ne ko jan kunne, har da ku.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya. Ku rubuta matakan laifin, ku buga kowa ya gani. Ma'aikaci ɗaya da ya ɓoye takarda a gidansa ba tare da sanin kowa ba daban. Takardar da ta zaga teburin injiniyoyi daban. Wadda aka gwada a na'urar kwaikwayon tuƙi ko aka ƙera wani sashe da ita daban. Ƙungiyar da ta kai kanta ƙara daban da wadda ta yi ta rantsuwa har sai da aka zaro hujja daga aljihunta. Kowane mataki a san mafi ƙarancin hukuncinsa da mafi yawansa tun kafin a san sunan wanda zai faɗa ciki. Kun iya yin haka, domin kun yi wa dokar da ta iyakance kuɗin da ƙungiya za ta kashe a shekara: kun raba ƙaramin wuce iyaka da babba a kan kashi biyar cikin ɗari, kun jera irin hukuncin da kowanne zai iya jawowa. Me ya sa sirrin fasaha, wanda shi ne ainihin dukiyar wasan, zai zauna babu irin wannan?

Sai batun da na fi so ku tsaya a kansa: da wane irin kuɗi za a biya. Wanda ya saci zane ba takarda ya sata ba, lokaci ya sata. Watanni ne da wasu suka kwashe suna gwadawa suna faɗuwa, shi ya tsallake su a dare ɗaya. Har sanin abin da ba ya aiki riba ce, domin ya hutar da kai bin hanyar da ba ta ɓullewa. To a karɓe abin da ya sata. A rage masa sa'o'in zauren gwajin iska, inda ake hura wa samfurin mota iska don a ga yadda za ta ratsa ta, a rage masa lissafin kwamfuta, a zabge wani kaso daga kuɗin da aka yarda ya kashe a shekara mai zuwa da ta bayanta. Tarar kuɗi zalla ba ta auna kowa daidai. McLaren ta 2007, da Mercedes a bayanta, ta haɗiye miliyan 100 ta kuma ci kambun direbobi a 2008. Da ƙaramar ƙungiya aka ɗora wa rabin wannan, da sai dai a sa kwaɗo a ƙofar masana'anta, ɗaruruwan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su rasa abinci. Hukunci ɗaya, ga wani cizon sauro, ga wani kabari. Sai dai ragin ma ya zama mai zafi. Da Red Bull ta wuce iyakar kashe kuɗi ta 2021, wadda aka sa a dala miliyan 145, an ci ta tarar miliyan 7 aka rage mata kashi goma na gwajin iska, ta fito a 2023 ta lashe tsere 21 cikin 22. Kowa ya ga abin da kashi goma ke iya yi.

Ku kuma yanke shawara sau ɗaya kan makin direba. Ko dai mota mai ɗauke da kayan sata ta rasa maki a tebur biyu, ko ku rubuta a fili dalilin da zai sa a bar wa direba nasa, da sharuɗɗan kariyar mai ba da shaida, don kada ta zama cinikin da ake ƙullawa a waya da daddare.

Akwai wani lungu na labarin Stepney da ba a cika tunawa ba. Cikin abin da ya fara tsegunta wa McLaren har da cewa ƙasan motar Ferrari yana lanƙwasawa fiye da yadda ya kamata. McLaren ta nemi bayani daga hukumarku, bayan tseren Ostareliya na 2007 aka tsaurara gwajin, Ferrari ta sauya tsarin. Wato a cikin kayan satar akwai ƙwayar gaskiya da ta amfani wasan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikacin da ya ga ana murɗa doka a gidansu ya kamata ya san ƙofarku ce mafi kusa kuma mafi aminci, ba ta abokin hamayya ba, kuma ya tabbata ba za a bar shi a rana ba idan ya shigo. Shi Stepney kotun Italiya ta yanke masa wata 20 a 2010, bai sake komawa Formula 1 ba har ya rasu a haɗarin hanya a 2014. Coughlan ya dawo ta ƙofar Williams a 2011. Ko a tsakanin mutum biyun da suka ƙulla abin, rabon bai zo daidai ba.

Ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ka yi haƙuri in taɓa gidanku. Babu wanda ya san sirrin dukkan motoci kamar jami'an fasaha na FIA, domin su ake buɗe wa komai. A 2017 Marcin Budkowski ya bar wannan kujera zuwa Renault da hutun jira na wata uku kacal, sai da ƙungiyoyi suka yi ca aka tsawaita. Shekara ta zagayo Laurent Mekies ya tashi daga hukumarku zuwa Ferrari, aka sake irin wannan kuka. Ban ce ɗayansu ya ɗauki ko tsinke ba. Amma hukumar da ke cin wasu tara kan zirarar bayanai bai kamata katangarta ta fi ta kowa gajarta ba. Haka nan batun kamfani ɗaya mai ƙungiyoyi biyu a fili ɗaya, wato Red Bull, inda babban ma'aikaci kan kwana a wannan gareji ya tashi a wancan, alhali wanda zai koma wata ƙungiyar daban sai ya yi watanni yana zaman jira a gida. Idan bayani ya bi ta wannan hanya, wane suna za ku ba shi?

Dalilin da ya sa na rubuto yanzu shi ne dokokin 2026 sun sauya inji da jikin mota lokaci guda, ga Audi, ga Cadillac a matsayin ƙungiya ta goma sha ɗaya, manyan injiniyoyi suna ta ƙaura daga wannan masana'anta zuwa waccan. A irin wannan lokaci ne wanda ya fara gano dabara ke yin shekaru yana jan zarensa, a irinsa ne kuma sirri ke yin tsada. Yau ba a buƙatar shafi 780 da shagon kwafi. Abin da ya fi haka sau dubu zai shige cikin ɗan abin da bai kai farce ba, kuma babu wani ma'aikacin shago da zai ga tambarin dokin Ferrari ya ɗaga waya.

Don haka ina roƙon majalisarku ta sa wannan batu a ajandar zamanta na gaba, ta fitar da jadawalin hukunci a rubuce, ta kuma yi alƙawarin cewa duk shari'ar satar fasaha za a buga cikakkun dalilanta, a rufe lambobin sirri kawai, ba a sasanta a ɗaki ba. Idan kuma kuna ganin tsarin da ake da shi ya wadatar, to ku gwada shi a gabanmu: ku ɗauki shari'ar McLaren da ta Renault ta 2007, ku ɓoye sunayen, ku miƙa wa alƙalanku na yau, ku gaya mana nawa kowacce za ta biya.

Na gode da lokacinku. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kallon tseren Formula 1